Girkin Mai Gyaran Agogo

Ɗakin wankin otal ɗin a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga ko ɗaya, sai fararen fitilu da ƙarar injina huɗu da ba sa hutawa. A nan Auta ta shekara tara tana guga. Zannuwan gado, tawul, rigunan masu kai wa baƙi abinci, duk ta hannunta suke bi kafin su hau sama. Sunan Auta daga gida ta zo da shi, ya kuma bi ta har wurin aiki. Ko shugaban sashensu haka yake kiranta, duk da ta doshi arba'in.

Da can otal ɗin na ciyar da ma'aikata da rana. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ana ƙoshi. Da aka canja manaja sai aka liƙa takarda a ƙofa cewa an daina, kowa ya ji da cikinsa. Tun daga ranar, ƙarfe ɗaya na yi masu wanki ke cire fararen rigunansu, su fita ta ƙofar baya, su tsallaka titi zuwa rumfar wata mai abinci. Auta ta bi su sati biyu. A na uku ta ga abin ba mai ɗorewa ba ne. An ƙara kuɗin haya, maganin hawan jinin Baba ya yi tsada, albashi kuwa yana nan inda ta san shi.

Sai ta ɓullo da nata tsarin. Da safe ta biya gidan burodi ta sayi na jiya, wanda suke rage wa kuɗi, ta zuba shayi ba madara a ɗan fulas. In kowa ya fita sai ta hau matakalar baya, ta zauna a hawa na biyu inda akwai ƙaramar taga mai kallon wurin ajiye motoci. Ta gano cewa in ta fara shan ruwa kofi biyu, ta kuma ci a hankali, burodin kan kai ta la'asar. Ran da ta samu ayabar da ta fara baƙi, wadda mai tebur ke neman rabuwa da ita, to ranar an yi shagali. Wani lokaci takan ga baƙi na fitowa daga ɗakin cin abinci suna shafa ciki. Ba ta jin haushinsu. Abin da ya fi damunta shi ne ƙafafunta, da kan ɗan yi rawa wajen ƙarfe huɗu in tana tsaye gaban tururi.

Abokiyar aikinta da ake kira Rediyo, saboda ba a kashe ta sai an tashi, ta tambaye ta me ya raba ta da mutane. Auta ta ce ƙiba take ragewa. Rediyo ta dube ta sama da ƙasa, ta ce in ta ƙara rage wani abu sai dai a rataye ta tare da riguna.

A gida kuwa ba ta faɗa wa kowa ba. Kowan ma mutum ɗaya ne, Baba. Tsohon mai gyaran agogo ne, ya yi shekara arba'in a ɗan shagonsa kafin ido ya gaza, hannu ya fara karkarwa. Da Inna ta rasu shekara biyu da suka wuce, Yaya, babban wansu, ya so ya ɗauke shi zuwa gidansa. Auta ta ce a'a, ita ce ba miji ba ɗa, ita ta fi dacewa. Yaya ya ce da wane albashin za ta riƙe tsoho mai shan magani? Maganar ta tsaya mata a wuya. Ta ce ya zuba ido ya gani. Tun daga nan ko ciwon kai ba ta taɓa kai masa ƙara ba. Shi kuma Baba kullum da yamma sai ya tambaye ta me aka ba su a wurin aiki, ita kuma ta ƙirƙiro: yau shinkafa, yau taliya, yau har da kaza.

Wata uku ana haka. Wata ranar hutu Rediyo ta zo gaishe da Baba, ta zauna a kujerar falo ta buɗe tasha. Ta bi ta kan tsadar mota, ta gangaro kan surukarta, ta faɗo kan sabon manaja, mutumin da ya hana su abincin rana wata uku ke nan, ga 'yarka nan ma ta koma cin burodi a matakala kamar mai ɓuya. Auta na ta ƙifta mata ido, amma Rediyo ba ta kama wannan tashar.

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, ya mayar. Da baƙuwa ta tafi Auta ta jira faɗa. Bai zo ba. Sai kawai ya tambaye ta ina Inna ta ajiye kwanon nan mai murfi da ake ɗaurewa.

Washegari ƙaurin abinci ne ya tashe ta. Ta tarar da shi a kicin, tsaye gaban murhu da cokali a hannu, yana leƙa tukunya kamar ya buɗe cikin agogo. Mutumin da ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba. Ta ce ya bari, ita za ta yi. Ya ce ta je ta shirya kada ta makara, ya miƙa mata kwano a ɗaure da ƙyalle.

Da rana ta buɗe a matakala. Shinkafa ce, samanta ɗanya, ƙasanta ta kama, ga gishiri kamar an yi ɓarinsa. Ta ci loma uku ta rufe. Kashegari wake ne da bai nuna ba. Ran nan ta sauka ta juye wa kuliyoyin da ke bayan kicin ɗin otal, suka shinshina suka yi gaba. Ta tsaya tana kallon waken a ƙasa, kunya ta kama ta. Ta tuna yadda ya tsaya yana tsince shi ɗaya ɗaya a faranti, fuskarsa kusa da shi saboda ido. Daga ranar ba ta sake zubarwa ba. Ko me ya zuba sai ta cinye, ta bi da ruwa.

Shi kuma ashe ba wasa ya ɗauki abin ba. Kullum in ta dawo sai ya karɓi kwanon ya buɗe ya duba. Ba ya tambayar ko ya yi daɗi, tambayarsa ita ce me ya yi yawa, me ya gaza. Da ta ce komai lafiya sai ya ce shi ya shekara arba'in ana kawo masa agogo ana cewa lafiyarsa ƙalau, tsayawa kawai ya yi. Dole ta fara faɗin gaskiya. Ya nemi maƙwabciyarsu ta sama, wata tsohuwar malamar makaranta, ta koya masa jiƙa wake tun dare da yadda ake gane mai ya yi zafi. Ya sa agogon aljihunsa a gefen murhu, yana auna minti nawa shinkafa ke ɗauka. Ya gano cewa in ya je kasuwa dab da tashi, masu tumatir da ganye kan saki kaya da sauƙi don kada su kwana. Ya san mai kifin da ke haɗa kawuna da wutsiyoyi gefe guda. Ya koyi dafa wake da yawa ran hutu, ya raba shi kashi kashi, yau a haɗa da shinkafa, gobe da dankali, jibi a murƙushe a sa cikin burodi da albasa.

A hankali girkin ya miƙe. Akwai ran da Auta ta buɗe kwano ta ga dankali da ƙwai da ɗan ganye, an jera su tsaf, kowanne da gefensa. Ta ci ta suɗe cokali. Ƙafafunta suka daina rawa da la'asar. Har ta fara tunanin abin ya zo da sauƙi, don kuɗin cefanen da take ba shi bai ƙaru ba, ga shi kuma tana ƙoshi. Ba ta tsaya ta tambayi kanta ta yaya ba.

Wata Laraba tukunyar tururin ɗakin wanki ta lalace, aka sallame su tun sha biyu. Auta ta hau mota da kwanonta ba ta buɗe ba, tana murna yau za su ci tare. Ta buɗe ƙofa a hankali don ta san yakan ɗan kishingiɗa. Ba ya falo. A kicin ta same shi, zaune a kan ƙaramar kujera, tukunyar safe a cinyarsa. Ya zuba ruwan zafi a ƙanzon da ya kama, yana kankarewa da cokali yana ci. Gefensa rabin burodin jiya ne.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗago ya gan ta, ya yi kamar zai ɓoye tukunyar, ya ga ba inda za ta shiga.

"Baba, ina naka kason?"

"Ai shi ke nan. Ni ƙanzo nake so, tun ina yaro."

"Da waɗanne haƙoran?"

Ta buɗe firji ta ga kwanon gobe a shirye, kaso ɗaya. Sai lissafin ya fito mata fili. Abin da take bari don abincin ranarsa shi yake juyewa a kwanonta, tun ranar farko. Ta ji ranta ya ɓaci, ta fara faɗa, tana cewa mutum mai shan magani, in ya faɗi a gidan nan shi kaɗai fa, wa zai sani? Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce shi a zaune yake wuni, ita ce ke tsaye gaban wuta awa tara. Ya ce kuma ta rage murya, don bai san ta da bakin yi wa wani faɗan ɓoye yunwa ba, ita da ta yi wata uku tana ba shi labarin kaza.

Ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye. Ta ɗauko faranti biyu ta raba abin da ke kwanonta. Ya ce ta fi ba shi da yawa, ta ce ya ci ko ta kira maƙwabciya ta zo ta tsare shi. Suka ci a nan kicin, ita a tsaye jingine da bango. Can ya ce mata abin da ya fi ba shi wahala a gidan nan ba yunwa ba ce. Tun da ya rufe shago ba wanda ya sake kawo masa wani abu ya ce gyara mini. Yakan tashi da safe ya rasa me ake jira daga gare shi. Yanzu kuwa yana kwana da tunanin me zai ɗora.

Da la'asar ta ɗauki waya ta fita baranda. Ta daɗe tana kallon lambar Yaya. Shekara biyu ta yi tana gudun ranar da zai ce ai na faɗa. Amma ta ga girman kan nata ba ita kaɗai ke biyan kuɗinsa ba, har da tsohon da ke cin ƙanzo. Ta kira, ta faɗa masa komai ba ado. Yaya ya ce maganin Baba ya dawo wuyansa daga wannan watan, kuma ya so ta faɗa tun da wuri. Bai ce ai na faɗa ba. Ta ji a muryarsa yana so, ya dai haɗiye.

Ran hutu ya zo da buhun shinkafa ƙarami da jarkar mai, ya shigo yana ta faɗan matakalar gidan. Bai yarda da labarin girkin ba, ya ɗauka Auta ce ta ƙara gishiri. Sai ga Baba ya fito daga kicin da tsumma a kafaɗa, ya amsa gaisuwa a tsaitsaye ya koma, wai mai na kan wuta. Yaya ya bi shi ya tsaya a ƙofa da babbar rigarsa, yana kallon mahaifinsa na juya cokali. Baba ya ce masa kicin ɗin ba ya ɗaukar ɗan kallo, ya miƙa masa wuƙa da albasa uku. Yaya ya juya albasar a hannu ya tambaya ta ina ake farawa.

Auta na falo tana ninke wanki, tana jin Baba yana masa bayani a hankali, da irin muryar da yakan yi wa masu koyon aiki a shago. A yanke kai, a yanke gindi, a ɓare, kada a yi gaggawa. Jim kaɗan ta ji Yaya na jan hanci yana tambayar ko akwai wata dabarar da ke hana ido ruwa. Baba ya ce shi dai bai gano ta ba tukuna, ya ci gaba da yanka.