Barira Biyu

Malam Bakari ya jingine babur ɗinsa a ƙofar ofishin, ko makulli bai zare ba. Ya zo ɗaukar 'yarsa Yusra ne. Abokinsa Alhaji Jalo ya samo mata gurbin koyarwa a makarantar gwamnati, ya ce in ba ta zo kafin azahar ba wani zai ba wa. Shi kuwa Bakari bai taɓa yarda cewa zama gaban kwamfuta a wani ɗan ɗaki a unguwar Herwagana aiki ba ne. Ba fansho, ba ko allon suna a ƙofa.

Ya leƙa kwamfutarta. Jan rubutu ne tun daga sama har ƙasa.

"Kin ɓata musu na'ura ko?"

Becky, abokiyar aikinta, ta tuntsire da dariya. "Sannu da zuwa, Baba. Ai da gangan take yi. Ita fa sai ta ga ja take samun natsuwa."

Yusra ta jawo masa kujera. Ta ce shafin intanet suke gina wa wani ƙaramin asibiti, na ajiye bayanan marasa lafiya. Kafin ta rubuta kowane yanki, sai ta fara rubuta masa jarrabawa. Jan yana nufin bai ci ba tukuna.

"Yi sauri dai, Alhaji na jira."

"Baba, karanta wannan layin," in ji Yusra.

Ya matso, ya bi haruffan da yatsa. Sunan matarsa ne. Barira Bakari, har sau biyu.

Bai manta ba. Bara waccan, a wani asibiti, an haɗa katin matarsa da na wata Barira Bakari, ita ma daga unguwarsu ta Kagarawal. Su duka an rubuta musu ɗaya ga Janairu, don babu wadda ta san ranar haihuwarta. Aka ba matarsa maganin sukari na waccan. A hannunsa ta sume.

"Na ƙirƙiri Inna biyu a ciki," in ji Yusra. "Suna ɗaya, unguwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. In shafin ya ɗauke su mutum guda, ya faɗi."

Ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta danna. Layukan suka riƙa komawa kore ɗaya bayan ɗaya, har aka iso kan Barira.

"To in wani ya zo bayanki ya taɓa fa?"

"Bari ka gani, Baba." Becky ta miƙo hannu ta goge layi guda. Nan take sunan ya koma ja, na'urar ta ƙi barin aikin ya wuce.

"Duk wanda ya canja ko harafi ne, sai na'urar ta sake tambayar shafin ko ya haɗa su," in ji Yusra. "Ko ina nan, ko ba na nan."

"Ba ta mantuwa?"

"Ba ta gajiya ma."

Bakari ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya tuna ma'aikaciyar da ta ba da maganin, yadda ta yi ta kuka tana cewa tun safe ba ta zauna ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Wayarsa ta fara ruri a aljihu. Alhaji Jalo ne. Yusra ta ɗauki jakarta ba tare da ta dube shi ba.

Ya ciro wayar, ya kife ta a kan tebur.

"Ajiye jakar nan. Becky, 'yata, sake ɓata shi in gani."