Matar Mamaci, Yayar Mai Laifi

Ranar da za a yanke wa Auta hukunci, Mai-ɗinki ta tsaya a ƙofar kotu ta rasa inda za ta zauna. Dangin mijinta sun cika bencinan dama, nata dangin suna hagu. Auta ƙaninta ne ciki ɗaya, ita ta goya shi. Mamacin kuma mijinta ne, direban babbar mota, uban 'ya'yanta.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Direba ya mare ta a kan wata 'yar magana, idonta ya kumbura. Washegari Auta ya gani, ya bi direban gareji. Cacar baki ta koma kokawa, Auta ya rarumo ƙarfen kwance taya ya sauke masa a ƙeya. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Kotu ta sami Auta da laifi, saura alƙali ya ji ta bakin matar mamacin.

Kowa ya so ya sa mata magana a baki. Innarta ta ce, "Ki ce kullum jibgarki yake yi, ki ceci ɗan'uwanki." Surukarta kuma ta aiko cewa kar ta ɓata wa marayu sunan ubansu.

Ta samu wuri can baya, ƙarƙashin wata fanka da ba ta juyawa. Da aka kira ta, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, mijina yana da saurin hannu, ba zan ɓoye ba. Amma shi ne idan keken ɗinkina ya lalace zai baje a ƙasa ya gyara, yana tsokanata wai na fi motarsa shan mai. A daren da ya mare ni ya ba ni haƙuri, har da hawayensa. Mun shirya kafin Auta ya zo."

Auta ya ɗago kai a firgice. Bai taɓa jin wannan ba.

"Yaya, kun shirya?"

Ɗan sanda ya ce ya yi shiru. Ta dube shi sosai. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Da ka tambaye ni, Auta, da na gaya maka."

Ya kifa goshi a kan katakon gabansa, kafaɗunsa na jijjiga.

Alƙali ya tambaye ta abin da take roƙon kotu. Ta ce, "Kar a kashe shi, gawa ɗaya ta ishe ni. Amma kar a sake shi a ce don ni ya yi. Ban aike shi ba."

Alƙali ya daɗe yana rubutu. Ya ce babu shaidar Auta ya je da niyyar kisa, ya ɗaure shi shekara goma sha biyar.

A waje Innarta ta kau da kai, aka riƙe ta zuwa mota. Surukarta ta wuce, sai kuma ta ja ta tsaya.

"Ki turo min yaran su kwana biyu. Ke ma ki ci wani abu, kin zama kamar tsinke."

Mai-ɗinki ta biya gidan maƙwabciya ta ɗauko yaran. A hanya babbar ta ja mata hannu.

"Mama, Kawu zai dawo?"

"Zai dawo," in ji ta. "Lokacin kin fi ni tsawo."