Salamatu a Kan Katanga

"Bar kunun nan tukuna, Hindatu. Janyo mini akwatin da ke ƙarƙashin gado."

Hindatu ta ajiye kwanon, ta gyara goyon Musaddiq, ta durƙusa ta janyo. Kwana tara ke nan Baba Wada bai tashi ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a garin Ƙofa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa Nazifi kuma yana koyarwa a Doguwa, sai yau ake sa ran isowarsa.

A cikin wani tsumma ta tarar da abin: mutum-mutumin tagulla, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Yarinya ce da tulu a ka, har tsagar kitsonta an fitar, ƙaramin yatsan ƙafarta ɗaya a karkace.

"Baba, ashe da saura? Na ji an ce duk ka narkar."

Kowa a unguwar ya san sana'arsa ta da. Da kakin zuma yake fitar da siffa, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya narka tagulla ya zuba, fatake su kwasa zuwa birni. Tun ranar da liman ya yi masa nasiha ya mayar da su duka munduwa da ƙararrawa.

"Duk na narkar, ban da wannan," in ji shi. "Salamatu ce, 'yata ta fari. Shekararta takwas aka aike ta ɗiban ruwa a kogi, ruwa ya tafi da ita. Kwana huɗu muna nema, ko tulun ba mu gani ba. Ba hoto, ba kabari. Sai na zuba ta tun fuskar ba ta ɓace mini ba."

Ya numfasa da ƙyar.

"Kin san mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da irin wannan. Ni kuwa baƙi nake jira. Fitar mini da ita. Kada Nazifi ya gani. Yaron kirki ne, amma guduma zai ɗauko."

"In kai ta ina, Baba?"

"Ɗakinki mana, 'yar nan."

Hindatu ta waiwaya ta dubi goyonta. Watan Musaddiq biyar, jiya-jiya zazzaɓi ya sake shi. Ɗakin da yake kwana a ciki ne za ta hana mala'iku shiga da hannunta?

"Baba, ka yafe mini. Ina da jariri."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kin fi ni gaskiya. Ni shekara arba'in ina kwana da ita, shi ya sa ba mai ziyartata sai sauro." Amma hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Hindatu ba ta san lokacin da ta cusa abin cikin hijabinta ba. A zaure suka yi kiciɓis da Nazifi, ta rusuna.

"Malam, sannu da hanya."

"Sannu, Maman Musaddiq. Allah ya saka miki. Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Kai yake ta cigiya."

Ta shiga gidanta ta tsaya a tsakar gida, tagullar na yi mata sanyi a ƙirji. Ba za ta kai ta ɗaki ba, ba kuma za ta jefa ta bola ba. Sai idonta ya faɗa kan katangar, inda damina ta zaizaye wani ɗan gurbi, ganyen kabewa ya rufe shi. Ta taka turmi ta zaunar da ita a ciki.

Da ta koma ɗaukar kwano, Nazifi ya fita alwala. Ta sunkuya kusa da kunnen tsohon.

"Tana kan katanga, Baba. Ba gidanka ba, ba nawa ba. Ƙofarka take kallo."

Ya lumshe ido. "Allah ya raya miki Musaddiq."

Bayan azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, hannunsa cikin na Nazifi. Da la'asar aka fito da makara. Hindatu na tsaye kan turmin nan, kafaɗarta daidai da gurbin, har maza suka sha kwana da shi.

Da unguwa ta yi tsit, ta sauko da Salamatu. Ta yago ƙyalle daga farin zanen da aka naɗe Musaddiq ranar suna, ta goge ƙasar da ta maƙale a tsagar kitson, ta naɗe ta har ƙafa. A bayan gidajensu, gindin darbejiyar da Baba Wada kan zauna da hantsi, ta haƙa rami da fartanya, ta kwantar da ita a gefen dama, ta mayar da ƙasa.

Ta yayyafa ruwa daga buta. Musaddiq ya farka a bayanta, ya miƙa hannu yana son kama ganyen da ke saukowa kan jiƙaƙƙiyar ƙasar.