Allon da Ba a Wanke Ba

Zazzaɓi ya sa ni gaba tun hantsi. Bayan azahar na jingina da bangon ɗakin gandirobobi, maƙullai a cinyata, wata takarda a aljihuna. A ciki na rubuta cewa na tsinci wuƙa a ƙarƙashin tabarmar Jatau. Ƙarya ce. Amma in ta isa teburin Ogan gidan yari, saukar Alƙur'anin da za a yi masa gobe ta rushe.

Jatau ɓarawon shanu ne. Ni na karɓe shi shekara shida da suka wuce, ni na nuna masa yadda ake alwala. Malam Zubairu mai karantar da fursunoni ya ɗora shi a kan allo, yau ga shi har limanci yake mana. Ni Sajan Gwadabe, da ban taɓa satar ko kaza ba, ina bin sa salla. Abin yana ci na, ba zan ɓoye ba. Da wannan cin rai barci ya ɗauke ni.

Sai na ga tsakar gidan yarin ta zama fadama, katangar ta kwanta tana tuƙa kamar saniya. Maƙullan cinyata suka miƙe suka zama wata tsohuwa mai haƙoran ƙarfe, tana tafe tana kacau-kacau.

Ta ce, "Tashi, ɗan nan. Shekara goma sha tara kana yawo da ni, yau ni zan yi yawo da kai."

Ta kai ni bakin wani kogi baƙi ƙirin, ashe tawada ce ke gudu. Fursunoni sun jeru suna wanke alluna, duk wanda ya wanke nasa sai rigarsa ta yi fari fat. Jatau na zaune a tsakiyarsu yana karatu, shanun da ya sata sun durƙusa kewaye da shi. Kowace aya ta fito daga bakinsa sai ta zama zangarniyar gero ta tsaya a kan ruwa. Na juya ga tsohuwar.

Na ce, "Iya, wannan wane irin rabo ne? Mai sata ya samu, mai tsaro ya tashi a tutar babu?"

Ta ce, "Kai me ka nema aka hana ka?"

Kafin in amsa, kogin ya naɗe kamar tabarma, muka tsaya gaban wata ƙofa da babu bango a jikinta. Ta zura yatsa ta buɗe. A ciki wani ɗan allo ne rataye cikin yanar gizo. Na gane shi da tabon wuta a gefensa: nawa ne na yarinta, da surar Tabara a rubuce, inda karatuna ya tsaya.

Allon ya ce, "Ka san ƙa'ida, Gwadabe. Ba a wanke ni sai ka biya a gaban malam. Shekara talatin ina ɗauke da rubutu ɗaya."

Na kai ido zan karanta, baƙaƙen suka zama tururuwa suka watse. Sai na ji murya a bayana, a hankali, tana ɗora ni a kan ayar farko. Jatau ne, rungume da allon saukarsa mai zayyana. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na sa hannu a aljihu, takardar ta zama wuƙa ta gaske. Na kai wa allonsa suka da dukkan ƙarfina, na ji katako ya tsage.

Tsohuwa ta ce, "Duba wanne ka soka."

Ban duba ba, don ta riga ta fara jan ƙofar, ina ciki.

Na ce, "Iya, ai ni ne mai maƙulli."

Ta ce, "Shi ya sa babu mai buɗe maka."

Ƙarar ƙarfe ta farkar da ni. Jatau ne ke ƙwanƙwasa taga da butarsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, la'asar ta yi. Kuma Malam ya tambaye ni wa zai tsaya mini a matsayin uba gobe. Ba ni da kowa a garin nan. Na ce kai, tunda a hannunka na koyi alwala."

Na ce masa, "Je ka, ina zuwa."

Da ya juya na zaro takardar. Gumin zazzaɓi ya jiƙa ta sharkaf, tawada ta baje, sunansa ya wanke tas. Kalmar wuƙa ce ta rage, sai sunana a ƙasanta.