Man Shanu a Ƙafar Motar Lajidan

"Ni na shafa, ni Tabawa! Sai ka yanka ni."

"Yaya, sau nawa zan gaya miki wannan ba fata ba ce? Danƙo ne!"

"Danƙon wa? Shekara arba'in ina gyaran salka da sirdi a gidan nan. Duk abin da ya bushe, mai yake so."

Bahago baduku yana tsaye bakin ɗakin ajiya da rana tsaka, gumi na bin wuyansa, shi kuwa sanyi yake ji har cikin ƙashi.

Ga yadda abin ya faro. Bayan da Faransawa suka gama zama daram a Agadas, wani lajidan ɗinsu, wato hafsan soja, ya shigo da mota, irin wadda ba a taɓa gani ba. Mata har zane suka yar wurin gudu, ban da ni, ni dai tuntuɓe na yi. Da mai ya ƙare mata, aka turo ta ɗakin Bahago, wai tunda ya iya fata zai iya ƙafafunta. Lajidan ya kafa masa doka ta bakin tafinta: a ɗora ta kan duwatsu kada ƙafa ta taɓa ƙasa, a rufe da tabarmi kada rana ta gani, kowace Juma'a a juya kowace ƙafa kaɗan, a goge da ruwa kawai. Mai kuwa ko ɗigo. Ran da ya dawo ya tarar da tsaga ko ɗaya, Bahago zai fasa dutse a bariki da sarƙa a ƙafa.

Sai ya hau raƙumi ya nufi Jado, can cikin hamada. Raƙumin ya dawo shi kaɗai. Shekara uku ke nan. Sababbin Nasaran bariki ma sun manta da motar, amma Bahago bai tsallake Juma'a ɗaya ba.

To, makon jiya yayarsa Tabawa ta leƙa, ta ga ƙafar baya ta yi furu-furu kamar diddigen tsohuwa. Tausayi ya kama ta. Ta kwaso man shanun da take ɓoyewa ta laƙaƙa mata, ta mayar da tabarma ta yi shiru.

"Ɗaga mu gani," in ji Tabawa. "In ba ta yi sheƙi kamar amarya ba, ka canza mini suna."

Ya ɗaga. Wari ya fara fitowa, irin na mahauta da la'asar. Ƙafar ta kumbura gefe guda, ta yi laushi, tana naso. Ƙudaje sun cika ɗakin, amma duk sun manne a bango, babu wanda ya sauka kanta. Bahago ya kai bayan hannu ya taɓa. Da ɗumi.

"Zafin rana ne," in ji Tabawa, murya ta ragu.

"Rana ba ta shiga nan, Yaya."

A wurin da ya kumbura akwai tsaga, doguwa, baki buɗe. Gefenta kuma sawun hannu ne ya nutse cikin danƙon, kamar wanda ya dafa ya sunkuya yana dubawa.

"Hannuna ne mana, wurin shafa."

"Ƙirga."

Ta ƙirga. Yatsu uku. Duk Agadas an san lajidan ya bar yatsunsa biyu a bakin wani raƙumi amale tun zuwansa. Tabawa ta dubi nata hannun, ta ɓoye shi cikin zane. Cikin sawun akwai rairayi, fari, mai laushi, ba irin jan ƙasar garinmu ba.

Sai iska ta soma fita daga tsagar, a hankali. Ta tsaya. Ta sake fita. Tabawa da bakinta ba ya hutawa ko a gidan makoki, ranar Ayatul Kursiyyu ma a tsakiya ta maƙale mata.

Bahago ya mayar da tabarmar. Ya shiga ɗakinsa ya fito da bargo da butar alwala.

"Ƙanena, ina za ka?"

"Bariki. In gaya musu na ɓata kayansu, su sa mini sarƙar."

"Ka haukace? Su fa sun manta!"

"Shi bai manta ba. Waɗancan suna da rai, akwai ranar da za su sake ni."

"To ni fa? Da wa za ka bar ni a gidan nan?"

"Ke da kika ce kin iya. Gobe Juma'a, sai ki juya."

Ya fice, ya banko ƙyauren har ƙasa ta zubo daga azara.