Haƙorina da Rijiyoyin Sama

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a zaure, na yi wani mafarki. Wai ga ni cikin jirgin sama, ni da ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba. A ƙasar da muke ratsawa, ruwa daga ƙasa yake zuba zuwa sama, shi ya sa a cikin gajimare ake haƙa rijiyoyi. Kowace rijiya ana kewaye bakinta da ƙaya, don direban jirgi ya hango ya kauce.

Jimina ce ke tuƙa mu. Na san ba ta taɓa tashi ba, amma ba ita ta dame ni ba. Wanda ya dame ni yana zaune a gefena: Sallau wanzami, maƙwabcina, wanda ya daɗe yana lallashina in bari ya cire mini haƙorina na ƙarshe. Haƙorin yana girgiza, ban musa ba. Amma da shi nake cin goro.

"Ina zuwa, Sallau?"

"Rakiya na yi maka, Baba Ilu."

"Wa ya ce ka raka ni?"

"Buɗe bakin sosai mana, ba na jin ka."

Ban buɗe ba.

Hadari ya haɗo. Wata akuya mai ɗankwali ta bi tsakanin kujeru tana cewa, "Jama'a, a ɗaura ɗamara. In iska ta danna mu ƙasa, duk abin da ba a ɗaure ba a sama yake zama." Maza suka ɗaure huluna. Wata tsohuwa ta ƙulle sunanta a bakin zane.

Nan na lura da gefen rigar Sallau. Ƙaya ce maƙale a jiki, ɗanya shar.

"Ina ka samo ƙaya a sama?"

"Sakace nake yi da ita."

Sai na ji wani abu yana ja mini leɓe. Zare ne siriri, ya fito daga bakina, ya bi ta taga, an ƙulle shi a jikin wani baƙin gajimare. Ƙullin wanzamai ne, na san shi.

Jimina ta yi kururuwa: "Wa ya kwashe ƙayar nan?"

Jirgi ya zurma cikin rijiya. Shayin mutane ya tashi ya manne a rufi. Hanjina ya tsaya a sama, ni na yi ƙasa. Zare ya miƙe, Sallau ya tara hannu a ƙarƙashin haɓata yana cewa, "Saura kaɗan, Baba, saki jikinka." Na datse baki, na riƙe haƙorin da harshe, muna ta faɗawa, rijiyar ba ta da gindi.

Fanjam! Guga ne ya faɗa rijiyar gidanmu. Na farka, na kai harshe. Yana nan, yana rawarsa.

Sai ga sallama a ƙofar zaure. Sallau ne, da zabirarsa a kafaɗa.

"Baba Ilu, yaya haƙorin?"

Da ka na amsa masa.