Kariyar Gazali

Ana ta faɗi a Tambuwal wai Gazali na Kebbe yana da wata kariya a wasan ces, wato darar Turawa, na intanet, mai minti uku, wadda ba a taɓa fasawa ba. Ni kuwa an cinye ni sau tara a jere, sai na hau kabu-kabu na tafi koyo.

Na zauna ina kallonsa yana bugawa a wayarsa. Ya bar sarkinsa a fili, ya zubar da doki, amma ya ci. Kaina ya ɗaure.

"Malama, haka nika yi ma Baturen ga kullum," in ji shi, yana nufin abokin karawarsa.

"Ɗana, miƙo wayar."

Na gyara tabarau na duba. Babu data. Da na'ura yake bugawa, a matakin 'yan koyo.